Littafin gyaran mota na kamfani, bayan shekara biyu a hannuna

Bol ɗaya ne ya sa na nemi littafin nan. Ina mayar da murfin saman injin Corolla ɗina ƙirar 2006, mai inji 1ZZ-FE, ina ɗaurewa da ƙarfin damtse yadda na saba, sai na ji ƙas! Kan bol ɗin ya biyo sifana, gindinsa ya maƙale a cikin alminiyam. Yini guda na ɓata kafin na zaro guntun. Daga ranar na haƙura da ɗaurin kintace.

Littafin kamfani shi ne wanda masu ƙera motar suka rubuta wa makanikansu. Nawa na cikin kwamfuta ne, kuma shafukansa sun haura dubu. Kowane noti da awon ɗaurinsa. Na taya N·m 103 ne (N·m shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Bol goma da ke riƙe kan silinda kuwa sai ka kai su N·m 49, sannan ka ƙara wa kowanne juyin digiri 90, kana bin jerin da aka zana daga tsakiya zuwa gefe. Wannan ba abin da ake ganewa da hannu ba ne. Amma fa sai ka mallaki sifanar awon ɗauri, in ba haka ba lambobin ado ne kawai.

Inda ya fi yi mini rana shi ne harkar wuta da sansa. Wata rana fitilar inji ta kama, na jona na'urar OBD-II, mai karanta matsala daga kwamfutar mota, ta ba ni lambar P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa a gaurayen da injin ke ƙonawa. Da a da ne, da tuni na sayo sabon sansan iskar salansa na ɗaura, ina addu'a. Littafin sai ya ɗora ni kan hanya taki-taki: duba ko iska na sata ta wani wuri, duba sansan da ke auna iskar shiga, auna ƙarfin turin fetur. Ban wuce taki na farko ba. Wani ɗan tiyo ne tsufa ya tsaga ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai ka lanƙwasa shi da yatsa. Zanen wayoyin ma haka, kowace waya da harafin launinta. Na daɗe ina neman waya mai L kafin na gane shuɗiya ake nufi, domin B ta baƙa ce. W-B kuma fara ce mai ratsin baƙi, yawanci ta asi.

Sai dai littafin ba malami ba ne. Zai ce maka "cire famfon ruwa" a layi ɗaya, bai damu da cewa hannunka ba ya shiga wurin ba, ko notin ya yi tsatsa. Hoto babu, sai zane. Wani aikin zai ambaci kayan aiki na musamman da lambarsa, wanda ba ka da shi kuma ba za ka saya don aikin rana ɗaya ba. Ga tura mutum daga wannan shafi zuwa wancan har ka manta inda ka faro. Ni dai bidiyo nake fara kallo in ga yadda ake kama abin, sannan in dawo littafin in ɗauki lambobi. Kuma a tabbatar ya dace da shekarar motar, da injinta, da ƙasar da aka ƙera ta dominta, don wayoyi kan bambanta.

Wanda iyakarsa juyen baƙin mai, canjin fulogi da takalmin birki, ƙaramin littafin kasuwa mai hotuna ya ishe shi. Ni da nake da niyyar riƙe motar nan har ta gaji, ban yi da-na-sanin sayensa ba. Shafukan da aikin ranar ya shafa kawai nake bugawa a takarda, in maƙale su ƙarƙashin abin share gilashi, su sha baƙin mai yadda suka ga dama.