Bilstein B12 Pro-Kit a ƙafar Golf GTI ɗina, bayan wata takwas

Kuskuren da na fara yi shi ne na sa gajeren sifirin a kan shokazoba ɗin da motar ta zo da shi, wai don ta zauna ƙasa ta yi kyau. Ta yi kyan kam, amma ko wata huɗu ba a yi ba ɗaya daga cikin na gaba ya fara yoyon mai, in na taka ɗan tudu sai motar ta yi ta rausaya sau biyu sau uku kafin ta natsu, a kwana kuma bayanta kamar ba nawa ba. Makanikena ya ce min "oga ai ka danne shi ne, kullum a matse yake aiki, ina zai kai?" Gaskiyarsa.

Shi ya sa na koma B12 Pro-Kit. Saiti ne guda, shokazoba Bilstein B8 da sifirin Eibach Pro-Kit, an auna su tare tun daga kamfani, kuma wannan haɗin shi ne duk sirrin. B8 an yi shi gajere musamman don motar da aka sauke, B6 kuwa na wadda ke tsayinta na asali ne, mutane da yawa suna rikita su saboda duk rawaya ne. Tawa ta sauka wajen milimita 30, daidai misali, ba ta shafar ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ya gajiya. Shokazoban bututu ɗaya ne, mai a gefe guda iskar nitrojin a ɗaya gefen, da fistin a tsakani yana raba su, to man ba ya kumfa ko da ya yi zafi, shi kuwa mai bututu biyu in ka matsa masa a hanya mai kwana-kwana sai ka ji ya saki jiki. Wannan kam yadda ya fara haka yake ƙarewa. In na taka birki da ƙarfi hancin motar ba ya dungurawa kamar da, sitiyari yana jin magana nan take, wallahi ranar farko sai da na ƙara zagaye ɗaya kafin na koma gida.

Yana da tauri fa, don haka aka yi shi, za ka ji gargadar hanya fiye da da, ni dai na saba cikin sati biyu. Kuma ba a saita shi, yadda ya zo haka za ka hau. Mai shiga filin tsere ya duba saitin da ake iya daidaitawa, irin su Bilstein B16 ko KW V3, shi V3 ana daidaita matsewa daban dawowa daban, amma in ba ka san abin da kake murɗawa ba za ka iya lalata tafiyar motar da hannunka.

Wajen ɗaurawa ka canza bushin (robar mahaɗar ƙafar mota) da ya mutu da robar saman shokazoba lokaci guda, a sauke motar kan tayoyinta kafin a ƙarasa ɗaure notocin bushin, sannan a yi alaimen, kar ka ce sai gobe. Ni na yi nawa a ranar, har yau tayoyin suna ci daidai.