Wutar waje ga mutum-mutumi masu fitila: batir, caja ko fawa banki?

Mutum-mutumin da ake tarawa a jera a kabad, irin masu ido ko ƙirji mai haske, yawanci da ƙananan batura masu kama da maɓalli suke aiki: LR41 ko LR44 guda uku a jere, volt 4.5 ke nan, ko CR2032 guda ɗaya mai volt 3. LR41 bai wuce mAh 30 ba (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne), a 'yan awoyi fitila ta fara dushewa. Idan kuma aka manta da shi a ciki ya yi yoyo, ruwansa ya cinye ƙarfen mazaunin batir. Shi ya sa ake jawo wuta daga waje.

Kafin ka sayi komai, buɗe mazaunin ka ƙirga batura, ka karanta lambarsu, ka gane ina ne + ina ne −. Faffaɗan gefen da ke da rubutu shi ne +.

Ga inda aka fi yin ɓarna. Ƙaramin batir rago ne, ba ya iya tura wuta da yawa, kuma masu ƙera kayan sukan dogara da wannan ragwancin su ƙi saka resista, wato ɗan abin da ke taƙaita yawan wutar da ke wucewa. Ka kawo volt 4.5 daidai daga caja ko manyan batura, lamba ta yi daidai, amma babu mai taka wa wutar birki. Fitilar za ta yi haske fiye da da, mai ita ya yi murna, daga baya ta ƙone, kuma sau da yawa a manne take da gam a cikin kai ko ƙirji inda hannu ba ya kaiwa. Farar LED (irin wannan ƙaramar fitilar) ko shuɗiya tana cin kusan volt 3, ja kusan volt 2, kuma mA 10 zuwa 15 ya ishe su (mA ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne, mA 1000 shi ne amf 1). Lissafin: cire abin da fitila ke ci daga abin da ka kawo, ka raba da yawan wutar. Daga volt 5 zuwa farar fitila a mA 15, volt 2 ne a raba da amf 0.015, a samu om 133 (om ma'aunin resista ne), sai ka ɗauki resista mai om 150. In kana shakka, fara da om 330 ka riƙa sauka. Kowane mutum-mutumi da tasa resistar, kada a haɗa su kan guda ɗaya, don ja zai kwashe wutar ya bar fari a duhu.

Akwatin batir AA guda uku mai makunni shi ne mafi sauƙi. Volt 4.5 ne, kuma AA ɗaya ya kai mAh 2000, ninkin LR41 fiye da sittin. In masu caji ne, ukun volt 3.6 za su ba ka, haske ya ɗan ragu, fitila ta fi daɗewa. Ya dace da mai mutum-mutumi ɗaya ko biyu.

Cajar USB ita ce ta mai kabad cike. Volt 5 take bayarwa ba hawa ba sauka, kuma mai amf 1 za ta ɗauki fitilu arba'in ba ta ji ba. Ga mutum-mutumi mai volt 4.5, dayod 1N4007 (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) a kan wayar + yana rage kusan 0.7, a samu 4.3, sannan resista. Ga mai volt 3, musamman mai ƙaramin allon da ke sa ƙyaftawa ko sauti, kada ka dogara da resista kaɗai, domin wutar da allon ke ja tana canzawa. Saka AMS1117-3.3, ɗan abin da ke tsayar da wuta a volt 3.3, ko allon rage wuta mai ɗan sukurun daidaitawa, ka auna da mita kafin ka jona. Allon rage wuta na LM2596 yana son abin da ke shiga ya fi abin da ke fita da kusan volt 1.5, don haka ba zai fitar da 4.5 daga 5 ba. Tsofaffin adafta masu nauyi kuwa a bar su, an rubuta 4.5 amma ba lodi sukan haura 6.

Fawa banki yana da hali guda mai ban haushi: in abin da ake ja ya yi kaɗan, sai ya ɗauka an gama caji ya kashe kansa. Fitila biyu ba za su riƙe shi a kunne ba, sai dai mai tsarin ƙaramar wuta. Batirin lithium mai caji na 18650 kuwa ba a saka shi tsirara, sai da allon kariya.

Saura shigar da wutar ba tare da huda ba, don huda na karya darajar kayan a wurin masu tarawa. A yi batir na bogi: yanki sanda ko roba mai faɗin milimita 7.9 da tsawon 10.8 a madadin LR41 uku, a liƙa tef ɗin jan ƙarfe a kowane baki, a manna waya da dalma kafin a saka shi, ba a cikin mutum-mutumin ba, zafi na narka roba. Siririyar waya mai lambar kauri 30 (AWG 30) tana bi ta gefen murfi ba tare da an yanka shi ba. A sa ɗan fulogi tsakanin mutum-mutumin da babbar waya, don in an ɗaga shi a cire a nan, kada nauyinsa ya tsinke dalmar.