Ɗaga tsohuwar a-kori-kura ta hanyar canza sifirin: wanne ya cancanci kuɗinka?

Motar da ta shekara 20 tana dakon albasa daga Wurno da Goronyo, ko shanu zuwa Illela, ba sai an faɗa maka bayanta ya zauna ba. Amma kafin ka sayi komai, tsayar da ita a daidaitaccen wuri babu kaya, ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi. Sannan ka leƙa ƙasa. Idan fallayen sifirin sun miƙe sambal, kuma robar da ke hana aksul (ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama) dukan shasi ta yi sheƙi don yawan bugu, to sifirin ne ya mutu. Sau da yawa mai irin wannan mota ba ɗagawa yake buƙata ba, maido da ita tsayinta na kamfani kawai ya ishe shi.

A kuma sani, sifirin bodi da shasi yake ɗagawa. Tulun aksul, wato kumburin da ke jikin aksul, wanda shi ke fara nutsewa a rairayin hanyar Tangaza ko Gada, yana nan inda yake. Babbar taya ce kaɗai ke ɗaga shi, amfanin sifirin shi ne ya ba tayar wurin shiga.

Mafi araha shi ne a kwance tsohon sifirin a sake lanƙwasa shi. Idan a sanyi aka yi, da injin matsi ko guduma, falle bayan falle, ana gwada kowanne da zanen alli a ƙasa don hagu da dama su zo daidai, motar za ta miƙe. Sai dai ƙarfen ya riga ya gaji, ba ya daɗewa yake komawa gidan jiya. Wanda kuwa ya ce zai gasa maka shi da wutar walda, ɗauki kayanka ka tafi. Wuta na kashe taurin ƙarfen sifirin, daga nan ko ya saki ko ya karye daidai wurin gashin. Haka ma falle da ya tsage, walda ba ta gyara shi.

Ƙarin falle ɗaya shi ne abin da direbobi da yawa ke yi, kuma yana da amfani idan sauran fallayen na da rai. Yana ƙara kamar inci 1 zuwa 1 da rabi, yana ƙara ɗaukar kaya. Nemi dogo, wanda ya kusa kai tsawon falle na biyu. Gajere mai kauri yana tara nauyi a wuri guda, bakinsa ya riƙa cin fallen da ke samansa har ya karya shi. Faɗinsa ya zama daidai da naka: na Hilux milimita 60 ne, na Land Cruiser 70. Za ka buƙaci sabon santa-bol (ƙusar tsakiya da ke haɗa fallayen) mai tsawo, kuma a ɗaure fallayen da matsi kafin a kwance tsohon, don suna iya fallewa su raunata hannu. Illarsa, in babu kaya motar za ta riƙa tsalle a kan gargada. Wasu kan jibga fallaye 3 ko 4, su ɗauka motar ta zama ƙaramar tirela, alhali aksul da birki da shasi ba su canza ba. A irin haka shasi ke tsagewa kusa da maratayin sifirin.

Dogon shakul, wato ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a jikin shasi, rabin tsawon da aka ƙara kawai yake bayarwa, wato ƙarin inci 2 ya ɗaga inci 1. Fiye da haka motar na yawo gefe da gefe. Shi kuwa dungun ƙarfe da ake sakawa tsakanin sifirin da aksul, duba motarka tukuna. A Hilux mai jan taya huɗu sifirin yana saman aksul, don haka dungu na ɗagawa. Inda sifirin ke ƙasan aksul, dungu saukar da mota yake yi. Ba a sa shi a aksul na gaba, ba a ɗora biyu, kuma a cikin rairayi yana sa aksul murɗawa da tsalle.

Wanda zai ci gaba da aiki da motarsa, ya sayi cikakken sifirin, hagu da dama tare, mai ɗaga inci 2, kada ya wuce haka. Ko sabo ne ko na Beljiyam da ake kawowa daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, tafi da awonka: daga santa-bol zuwa idon gaba (zoben da ke ƙarshen sifirin), daga santa-bol zuwa idon baya (galibi ba ɗaya ba ne), faɗi, da girman ramin bushin, wato robar da ke cikin idon. In awon gaba ya saɓa, taya ba za ta zauna a tsakiyar raminta ba. Kifa guda biyun a ƙasa kusa da juna, lanƙwasarsu ta zo ɗaya. Goge kewayen santa-bol da gindin idanu da tsumma, nan tsaga ke ɓuya. Sabon baƙin fenti a kan tsohon sifirin dalili ne na ƙara dubawa.

Kuɗin bai ƙare a sifirin ba, a nan ne mutane ke yin asara. Sayi sababbin yu-bol masu ɗaure sifirin a jikin aksul, tsofaffin sun riga sun miƙe. Sayi sabon bushin. Ɗaga motar ta shasi har aksul ya rataya, ka ga ko shokazoba ce ke riƙe shi ko tiyon birki ya ɗame. In haka ne a sa masu tsawo. Hilux da yawa suna da bawul a baya mai auna nauyi yana raba ƙarfin birki. Da an ɗaga mota sai ya ɗauka babu kaya, ya rage birkin baya ko da ta cika maƙil da buhuna. A ɗaga maƙalin sandarsa daidai da yadda aka ɗaga motar. Idan farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul, ta fara kakkarwa wajen tashi, kusurwarta ce ta canza, siririn ƙarfe mai gangare na digiri 2 zuwa 3 a mazaunin sifirin yakan gyara ta.

Gaban motar kuma ya danganta da irinta. Tsohuwar Hilux mai aksul guda a gaba, irin LN106, da Land Cruiser 75, sifirin ne gaba da baya, sai a canza duka huɗu. Hilux ta 1997 zuwa 2005 sandar murɗi ce a gaba a maimakon sifirin mai fallaye, ana iya ɗaure ta kamar inci 1, fiye da haka tana cinye bol-join, kuma dole a yi alaimen. Peugeot 504 a-kori-kura sifirin mai naɗi ne a gabanta, in ka ɗaga bayanta da yawa hancinta zai duƙa, fitilu su koma haskar ƙasa.

Kada a ƙarasa ɗaure notin shakul da na ido sai an sauke mota nauyinta ya hau tayoyi, in ba haka ba bushin zai murɗe ya yage. Bayan ta yi kamar kilomita 500 da kaya, a koma a sake ɗaure yu-bol, domin fallaye na zama su bar sako-sako, wanda shi ke guntule santa-bol.