Mai baki biyu ko mai ƙofar gilashi: wane injin wanki ya dace da Damagaram?

Hajiya, barka da war haka. Kin ce injin wankinki mai baki biyu ya daina matse kaya, ɓangaren wankin ma sai gurnani yake yi ba ya juyawa, kina neman shawara ko ki sake sayen irinsa ko ki ƙara kuɗi ki ɗauko mai aiki da kansa, wato mai ƙofar gilashi a gaba. Duka biyun na san su. Mai baki biyu sabo ne a gidana, bana na canza tsohon da shi, mai ƙofar gilashin kuma yana gidan yayata inda nake yawan taya ta wanki. Abin da na gani shi ne, a garin nan yadda ruwa ke shigowa gidanki shi zai zaɓar miki inji, kafin a zo maganar kuɗi ko kyau.

Amma kada ki yi saurin yar da tsohon. Injin da ke gurnani ba ya juyawa, sau da yawa kondansa ce ta mutu ko bel ya saki, kuma duka biyun ƙananan kaya ne masu arha. Ɓangaren matsa kuwa yana da birki da ke haɗe da murfinsa. Idan wayar birkin ta tsinke ko ta maƙale, kwandon ba zai motsa ba alhali motar lafiyarta ƙalau. Ki kira mai gyara ya buɗe bayansa a gabanki. Idan ya nuna miki cewa robar da ke ƙarƙashin kwandon ta ci, ruwa ya daɗe yana ɗiga kan motar har ta ƙone, ko bahon kansa ya tsage, to a nan ne zan ce ki haƙura da shi.

Mu zo ga ruwa, don nan ne maganar take. Wanda bai sani ba zai ɗauka mai aiki da kansa ya fi shan ruwa. Akasin haka ne. Mai ƙofar gilashi mai ɗaukar kilo 7 yana gama wanki da ɗauraya da lita 45 zuwa 60, wato bido biyu zuwa uku, saboda ba ya nutsar da kaya, ɗaga su yake yana yarfawa cikin ɗan ruwa kaɗan. Mai baki biyu kuwa sai an cika bahonsa, cikawa ɗaya ma ta kai wannan adadin, ga ɗauraya sau biyu. Zubi guda na iya haura lita 100. Da lissafin takarda ne kawai, da garin da ke kan dutse kamar namu, wanda ruwansa sai an turo daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, mai ƙofar gilashi ya fi cancanta da shi. Ƙarancin ruwan nan ba yau ya fara ba, yana cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926.

Sai dai mai ƙofar gilashi ba ya karɓar ruwa daga bokiti. Ta tiyo yake sha, kuma sai ruwan ya zo da ƙarfi kafin ɗan bawul ɗinsa ya wuce da shi. Yawancinsu suna neman ƙarfin ruwa na aƙalla rabin "bar" (ma'aunin ƙarfin turin ruwa ke nan), wanda ya yi daidai da tankin da aka ɗaga sama kimanin mita 5 daga bakin injin. To ki dubi gidanki. Idan famfo sai tsakar dare yake kawowa, shi ma a siririce, ko kuma ƴan garuwa ne ke cika miki tonno, injin zai tsaya yana jira, daga baya ya yi ƙara ya nuna alamar babu ruwa. Yayata ba ta ji daɗin nata ba sai da maigidanta ya ɗora tanki a kan ƙarfe, ya haɗa ɗan injin tura ruwa. Wasu na zuba ruwa ta aljihun omo da buta, yana yiwuwa, amma sai kin tsaya a kansa kina jiran kowace ɗauraya, hutun da kika biya kuɗi dominsa ya tafi ke nan. Ga kuma ɗan rariyar da ke bakin tiyo, wanda laka da yashi ke toshewa idan ruwan bai kwanta ba.

Mai baki biyu bai damu da inda ruwa ya fito ba: na tonno, na rijiya, na sama da kika tara a damina. Kuma ruwan yana hannunki. A ruwan kumfa ɗaya nake fara wanke farare, in bi da masu launi, in ƙare da kayan makarantar yara da tsummoki. Ruwan ɗauraya na ƙarshe shi ke zama na wankin zubi na gaba, wanda ya yi datti kuma a wanke bayi da shi ko a yayyafa wa tsakar gida. Idan aka bi haka, ratar da ke tsakaninsu ta ragu sosai. Akwai na uku, mai aiki da kansa amma murfinsa a sama. Ni ban ba ki shawararsa ba, don yana neman famfo kamar mai gilashi, yana shan ruwa kamar mai baki biyu.

Sai kuran. Motar wanki ta mai baki biyu wat 300 zuwa 500 take ci, ƙaramin gurup ko sola mai ɗan ƙarfi na iya ɗaukarta. Mai ƙofar gilashi yana da abin dumama ruwa mai jan kusan wat 2000, ko da yake idan kika saita shi a ruwan sanyi cinsa kaɗan ne, kuma wa ke buƙatar dumama ruwa a Afrilu da Mayu, lokacin da na tanki ma ke ƙona hannu? Abin tsoro shi ne katin lantarkin da ke sarrafa shi. Wutar da ke hawa da sauka ita ke kashe shi, canjinsa yana da tsada, wani lokaci sai an aika Kano ko Yamai kafin a samo daidai da shi. Don haka ki lissafa kuɗin regilatar mai ƙarfi cikin kuɗin injin tun farko. Duk mun ga yadda gari ya kasance lokacin da Najeriya ta katse layin wuta a Agustan 2023, kafin a maido a Maris na 2024. A irin wannan yanayi injin da ke wanki cikin minti 15 ya matse cikin minti 5 ya fi wanda ke ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu. Idan aka ɗauke wuta mai gilashi na tsaka da aiki, ruwa na ciki, ba dama ki buɗe ƙofar sai kin tsiyaye shi ta ɗan murfin da ke ƙasa, in ba haka ba kaya su kwana a jiƙe su yi tsami. Mai baki biyu kuwa hannu za ki sa ki kwashe ki ƙarasa a baho.

Inda mai ƙofar gilashi ya yi zarra, ba zan ɓoye miki ba, shi ne hutu da tsabta. Ki zuba kaya, ki danna, ki tafi kicin. Ranar farko da na ga farar rigar maigidan yayata ta fito daga cikinsa, wuyan tas ba tare da an cuɗa da hannu ba, na yi sha'awarsa ƙwarai. Yana kuma lallaɓa tufafi. Farfelar da ke gindin mai baki biyu tana nannaɗe zannuwa da mayafai, tana cin zaren aiki a hankali, ga ɗaga jiƙaƙƙun kaya daga wannan baki zuwa wancan, wanda mai ciwon baya ko mai tsohon ciki ta san nauyinsa. Shadda mai tsada dai kada ki ba ko ɗaya daga cikinsu, a wanke ta da hannu a kai wa mai bugu.

Sabon nawa ya fi tsohon faɗi, matsarsa kuma tana da kyau, kayan da aka shanya da hantsi sun bushe kafin azahar. Robar jikinsa ce na ga ba ta kai ta dā kauri ba, shi ya sa na ajiye shi a inuwa, don ranar garin nan tana gasa roba ta fara karyewa. Idan ba a danna kaya daidai a kwandon matsa aka rufe da faifan robarsa ba, yana dukan gefe da ƙara. Na yayata shiru yake aiki, nauyinsa ya kai kilo 60, amma dole a cire manyan kusoshin da ake ɗaure gangarsa da su a baya kafin a kunna, in ba haka ba zai yi ta tsalle har ya ɓata kansa. Omon wankin hannu mai yawan kumfa ma bai dace da shi ba, yana da nasa. Mai busar da kaya kuwa, kada mai shago ya ja ki gare shi, rana ta ishe mu.

A kuɗi, sabon mai gilashi yakan ninka mai baki biyu ko ya fi, ban da tanki da regilatar. Na hannu da ake kawowa daga Turai suna da sauƙi. Idan za ki ɗauka, ki juya gangar da hannu ki saurara, in kin ji gurgura to boris ya ci, ki duba robar ƙofa ko ta yage. Wanda aka sayo daga Kano kan zo da filogi mai ƙafa uku irin na Najeriya, sai an canza masa kai, kuma garantinsa na can, mayar da shi ta iyaka wahala ce.

Idan gidanki na da tanki a sama da ruwa tsayayye, kuma za ki iya sayen regilatar, ɗauki mai ƙofar gilashi, za ki huta. Idan da garuwa kike rayuwa kamar yawancinmu, ki koma ga mai baki biyu, ki nemi mai kilo 10 ko fiye don ya ɗauki zannuwan gado. Ki sa a zuba ruwa a gwada miki ɓangarorin biyu a shagon kafin a ɗora a adaidaita, ki tambayi mai gyaranki wane iri ne kayansa suka fi samuwa a kasuwar Dole, sannan ki sa a rufe ƙarƙashinsa da ragar waya, don ɓeraye na shiga su ci wayoyi.