Fanka mai caji da na saya a Kasuwar Dole saboda Ummi: abin da na gani cikin wata huɗu

An haifi Ummi a tsakiyar watan Fabrairu, sanyi bai gama tafiya ba. Da yake haihuwar fari ce, mahaifiyarta ta yi wankan jego a gidansu da ke Birni, ni kuwa nakan leƙa bayan la'asar idan na taso daga makaranta, a miƙo mini ita a zaure in riƙe na ɗan lokaci in mayar. Sai bayan arba'in suka dawo ɗakinmu na haya a Garin Malam, a ƙarshen Maris, daidai lokacin da bazara ta kankama. Wanda ya san Damagaram, wato Zinder, ya san Afrilu da Mayu. Zafi yakan haura digiri 40, duwatsun garin su wuni suna shan rana, da dare su dawo mana da ita. Ɗakinmu rufin kwano ne ba silin, idan ka dafa bango ƙarfe goma na dare za ka ji shi da ɗumi kamar murhun da aka sauke tukunya.

Satin farko da mafici na yi shi. Muka raba dare ni da maiɗakina: ita da shayarwa, ni da fifita daga sha biyu zuwa kiran sallar farko, domin a tsakanin nan ne wuta ta fi ɗaukewa. Ina zaune gefen katifa na jingina da bango, ina fifita ina duban ƙirjinta yana hawa yana sauka. Da hannuna ya tsaya sai ta motsa, ta murza fuska, ta soma wannan ƙaramin kukan da ke zuwa kafin babban. Wuyanta da bayan kunnenta duk suka feso da ƙurajen zafi. A dare na shida barci ya sace ni, maficin ya suɓuce ya faɗi dab da fuskarta. Bai taɓa ta ba, amma har gari ya waye gabana bai daina faɗuwa ba. Ranar Asabar na hau kabu-kabu na nufi Kasuwar Dole.

Irin waɗannan fankoki sun cika shaguna yanzu. Ni dai tun watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, na fara ganinsu jere a bakin shaguna har da na masu sayar da rediyo. Na zaga shago huɗu kafin in tsaya a wurin wani dattijo da ya yarda ya buɗe kwali ya kunna mini. Fanka ce ta tsaye, inci 16, lamba uku, tana juya kai, tana da 'yar fitila a ƙirji da ramin cajin waya, sai rimot, sai ƙaramin farantin sola, wanda muke ce wa fano. Ya ce jika 32 na sefa, muka daidaita a jika 28.

Ya ce, "Malam, wannan har asuba za ta kai ka."

Na ce, "Alhaji, har asuba a lamba ta nawa?"

Ya yi murmushi ya ce in dai jariri ne ai lamba ɗaya ta ishe shi. A nan gaskiya ya faɗa, ko da yake bai faɗe ta duka ba. Na riƙa duba agogo a sati biyun farko ina rubutawa a bayan littafin darasi. Idan ta cika fal, a lamba ɗaya tana yin awa shida da 'yan mintoci. A lamba biyu awa huɗu. A lamba uku ba ta cika awa uku ba. Idan ka kunna fitila ko ka maƙala waya, to ka rage kusan awa guda. Abin da aka rubuta a jikin kwali ya kusa ninka wannan, kada wanda zai saya ya dogara da shi.

Awa shidan nan su ne abin da na biya kuɗi dominsa, kuma na same su. Daren farko da na kunna ta, Ummi ta sha nono wajen sha biyu da rabi, na ɗora ta a kafaɗa ina bubbuga bayanta har ta yi gyatsa, na kwantar da ita a kan bayanta, ba ta sake motsi ba sai uku da kwata. Maiɗakina ta farka a firgice ta kai hannu ta taɓa ta, don ba mu saba da irin wannan shiru ba. A lamba ɗaya muryar fankar ƙasa-ƙasa take, kuma na lura wannan ɗan gunjin nata kansa yana taimaka wa yarinyar ta yi barci. Fitilar ma ta yi mini amfanin da ban zata ba. Da a baki nake riƙe tocilan idan zan canja mata kunzugu, yanzu hannuwana biyu a sake suke, ina ganin inda zan goge da inda zan shafa mai.

Abu guda da ya kamata uba ya sani kafin ya kashe kuɗinsa: fanka ba ta sanyaya ɗaki. Iskar da ke nan ita take kaɗawa, sanyin da jiki ke ji daga bushewar gumi yake zuwa. A dararen farkon Mayu, da ɗakin ya zama tanda, iska mai zafi kawai take watso mana. Dabarar da ta fisshe mu ita ce jiƙa zane a rataya a bayan kujera tsakanin fankar da shimfiɗa. Ruwa kuwa a Zinder ba abin wasa ba ne, mai jiran masu kura su kawo masa bido ya san darajar kowane kofi, saboda haka ruwan ɗaurayar wankan Ummi nake tarawa a bokiti don wannan aiki. Ba na saita fankar a kan fuskar yarinyar. Nakan ajiye ta kamar taku uku daga shimfiɗa, in bar ta tana juya kai.

Zafin nan ne ya kawo 'yar muhawara a gidanmu. Surukata ta zo ganin jika, ta tarar da ita tana gumi, ta ce, "Haba Malam, wannan rana ko babba ya ji a jikinsa, ku ɗiga mata ruwa mana." Ban iya yi mata musu ba, na ce, "To Inna, jibi ranar awo ce, za mu tambaya." Ranar allurar sati 10 ni na riƙe Ummi a layi, ni kaɗai ne namiji a kan bencin. Malamar awo ta ce kada a ba ta ruwa sai ta cika wata shida, nonon uwa akasarinsa ruwa ne, a dai yawaita ba ta, uwar kuma ta yawaita shan ruwa. Ta koya mini abin da zan riƙa dubawa: in fitsari ya ragu ƙwarai ko ya yi duhu, in maɗigarta ta lotsa, in ta yi laushi ta ƙi kama nono, in kawo ta ko da tsakar dare ne. Ta tuna mini cewa tun 2006 dokar ƙasa ta sa duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati, kada tunanin kuɗi ya sa in jira gari ya waye. Na kai wa Inna saƙon kamar yadda aka faɗa mini, ta ce to, zamani ne. A daren allurar jikin Ummi ya yi zafi, cinyarta ta ɗan kumbura, ta ƙi kwanciya sai a ƙirjina. Na kwana ina zagaya ɗaki da ita, fankar tana bin mu da iska duk lokacin da ta juyo.

Yanzu ga laifuffukanta, kuma ba ƙanana ba ne. Duk maɓallin da ka danna sai ta yi ƙara "tit", mai kaifi, kuma babu yadda za a kashe wannan ƙarar. Sau uku ina tayar da Ummi da ita kafin in koyi saita komai tun ba ta yi barci ba. Rimot ya mutu a sati na uku. Wayar fano gajera ce, ba ta kai daga rufi zuwa cikin ɗaki ba, sai da na sayi ƙari aka haɗa mini. Fanon kansa ƙarami ne, wuni guda cur ba ya cika batir idan ya ƙare sarai, kuma ƙura na rage masa ƙarfi, dole kowace safiya in taka kujera in goge shi kafin in tafi aiki.

Babban laifin shi ne batir. A ƙarshen wata na uku awa shida ta koma biyu da rabi. Na mayar da ita shagon, Alhaji ya ce shi ba ya ba da garanti a kan batir, kuma gaskiya ne bai yi mini alkawari ba, ni ne ban tambaya ba. Amma bai sallame ni haka ba, ya haɗa ni da yaronsa ya kai ni wurin wani mai gyara a bayan layinsu. Shi ya kwance gindin ya nuna mini: batir ne mai volt 12, irin na dalma mai nauyi. Ya ce abu biyu ke kashe irinsa da wuri, zafi da barinsa ya ƙare ƙarƙaf kowane dare, kuma duka biyun na yi. Da rana ina barin fankar a bakin ƙofa inda rana ke dukanta saboda gajartar waya, da dare kuma ba na kashe ta sai ta tsaya da kanta. Ya sa mini sabo a jika 7. Ya ce masu batir lithium sun fi jure cika da ƙarewa, sun fi sauƙin ɗauka, sai dai sun fi tsada. Da na san haka tun farko da na ƙara haƙuri na cika kuɗi na sayi irin wannan. Tun daga ranar fankar tana zaune a inuwa, kuma da fitilar caji ta koma ja nake kashe ta in ɗauki mafici.

To in saye ta ko kada in saya, kamar yadda wani abokin aikina da matarsa ke da tsohon ciki ya tambaye ni? Na ce ya saya, amma ya lissafa kuɗinta jika 35 ba 28 ba, ya sa a buɗe masa ya ga irin batirin, ya auna tsawon waya da idonsa, ya danna maɓalli ya saurari ƙarar tun a shago. Na kuma ce ya tura ɗan yatsansa a ragar gaba ya gani ko yana shiga.

Wannan na ƙarshen shi ne damuwata yanzu. Damina ta sauka, zafi ya ragu, sauro ya ƙaru, muna kwana cikin sange, kuma sange na tare rabin iska, sai na matso da fankar kusa na sa lamba biyu. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina sun zo gida sun ba Ummi nata. Ta shiga wata na shida, ta fara zama in an tokare ta da matashi, tana juyi daga wannan gefen katifa zuwa wancan, kuma ba abin da take miƙa wa hannu kamar wannan abu mai juyawa. Ragar tana da faɗi, yatsana ƙarami yana shiga har gaɓa ta biyu, gindin kuma ba shi da nauyin da zai hana ta faɗuwa in aka ja waya. Jiya na kai wa wani mai walda awon gindin, zai yi mini 'yar kanta ta ƙarfe da za a kafa a bango sama da inda hannunta zai kai. Ya ce in dawo ranar Alhamis.