Kwana biyu a Birasiliya: motar yawo ta ci kuɗinta, otal ɗin kuwa sai a hankali

Gaskiya ba wani shiri muka yi ba. Ranar Juma'a da daddare muna zaune a ɗakin abokina nan Goyaniya muna shan shayi, karatu ya ishe mu, sai ya ce wai kusan shekara biyu muna Birazil amma babban birnin ƙasar, Birasiliya, in ban da ranar da muka je ofishin jakadanci muka juyo ba mu san komai nasa ba, alhali tsakaninmu da shi kilomita wajen 200 ne, bai ma kai Kano zuwa Kaduna ba. Na ce to me ya hana? Nan take ya jawo waya muka yanki tikitin bas na sassafe, muka kama ɗaki a wani otal, can ƙasan shafin kuma muka ga tallan motar zagaya gari ta rabin yini da mai yi wa mutane bayani, ita ma muka biya ta Pix, tsarinsu na tura kuɗi ta waya, ko minti 20 ba a yi ba an gama komai.

Bas ɗin ba ni da ƙorafi a kansa, awa uku muka yi, kujera mai kwanciya, sai dai sanyin esi kamar an sa mutum a firij, ku tafi da rigar sanyi. Tashar da ake sauka tana manne da tashar jirgin cikin gari, ka shiga kawai ya kai ka tsakiyar birni.

Otal ɗin yana Setor Hoteleiro Sul, wato unguwar otal-otal ta kudu, don a garin nan komai da unguwarsa, bankuna nasu daban, asibitoci daban, ofisoshin jakadanci daban. Farashin ya yi sauƙi saboda 'yan majalisa da 'yan kwangila duk sun watse zuwa jihohinsu kafin ƙarshen mako, to amma fa hoton da muka gani a intanet da ɗakin da aka ba mu ko kama ba su yi ba. Taga tana kallon bango, esi yana ƙara kamar injin markaɗe, tawul ɗaya aka ajiye wa mutum biyu sai da na sauka har sau biyu kafin a kawo na biyun. Karin kumallo akwai gwanda da kankana da ɗan burodin nan nasu na garin rogo da cuku, pão de queijo, masu daɗi, amma sauran kusan komai da naman alade a ciki, na tambayi yaron da ke wajen ko ƙwan nan da me aka soya shi ya ce bari ya tambayo, har muka tashi bai dawo ba. Abin da zan yaba musu shi ne sun ajiye mana jakunkuna tun safe ba su karɓi ko sisi ba. Biyu da rabi cikin biyar, shi ma don tsafta.

Motar yawon sai ƙarfe biyu za ta zo, mu kuma da ƙarfin hali muka ce bari mu taka da ƙafa zuwa majalisa tunda ga dogayen benayenta can muna hangowa. Wallahi kar wanda ya yi irin wannan gangancin. Garin nan don mota aka zana shi, titin Eixo Monumental layi shida ne kowane hannu, tsakiyarsa fili fetal ba inuwa, abin da kake gani kamar ka miƙa hannu ka taɓa sai ka yi ta tafiya ba ka isa ba. Ga shi watan Agusta ne, tsakiyar raninsu, iska a bushe ƙayau kamar hunturun gida, ciyawa duk ta ƙone, jar ƙura ta ɓata mana takalma, leɓena har ya tsage. A rabin hanya muka haƙura muka dawo babbar tashar bas ta tsakiyar gari muka sha ruwan rake mai sanyi, shi ya dawo da mu hayyacinmu.

To ita motar kam ta ci kuɗinta, duk da ita ma da nata. Ƙaramar bas ce, mu goma sha biyu, mai bayanin wata dattijuwa ce da ta ce babanta yana cikin leburorin da suka zo daga arewa maso gabas suka gina garin, waɗanda ake kira candangos. A tallan sun rubuta za a yi bayani da Turanci, ƙarya ne, yaren Fotugal ta yi ta zubawa sai jefi-jefi ta jefo kalma biyu ta Turanci, mu dai mun ci sa'a muna ji, wanda bai iya ba zai sha kallo ne kawai. Amma matar ta san garinta. Ita ta sa na gane fasalin wajen, muna saman hasumiyar talabijin ta nuna mana yadda Lúcio Costa ya zana shi kamar jirgin sama, gangar jikin ita ce layin ma'aikatu, fukafukan biyu Asa Sul da Asa Norte nan mutane ke zama, gine-ginen kuma na Oscar Niemeyer ne. Shugaba Juscelino Kubitschek ne ya dage sai an yi, cikin ƙasa da shekara huɗu aka tayar da shi a daji, aka buɗe ranar 21 ga Afrilu 1960, a 1987 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, gari bai ko shekara 30 ba.

Inda na fi daɗewa ina kallo shi ne Praça dos Três Poderes, wato dandalin ɓangarorin gwamnati uku, fadar shugaban ƙasa a gefe, kotun ƙoli a ɗaya gefen, majalisa a gaba da ƙwaryoyinta biyu, ɗaya a kife ta dattawa, ɗaya a buɗe ta wakilai. Abokina ya taɓa ni ya ce kai wannan ai Three Arms Zone ne, kuma haka ne, duk wanda ya san Abuja zai ji kamar ya taɓa zuwa nan, faɗin tituna, jar ƙasa, shirun ranar Asabar, har da yadda talaka ba ya kwana a ciki. Da na tambaye ta ina leburorin suka koma bayan an gama ginin sai ta yi wata 'yar dariya ta ce Taguatinga da Ceilândia, can bayan gari, ita kanta Ceilândia a 1971 aka kafa ta don a kwashe masu zaman baca daga kusa da birni, sunan ma daga shirin kwashewar ya samo asali. Na ce mata mu ma muna da Nyanya da Mararaba, kullum da asuba ake tururuwar shigowa aiki. Wannan hirar ta minti biyar ta fi min duk hotunan da na ɗauka.

Mun shiga babban cocinsu mai ginshiƙai 16 da ake bi ta wani lungu mai duhu a ƙarƙashin ƙasa sai ka ɓullo cikin haske, mala'iku uku na ƙarfe suna reto a sama, ni dai ginin na je gani kuma ya burge ni. Matsalar ita ce gaggawa, ko'ina minti 15 a ce a koma mota, amma da aka kai mu wani shagon tsaraba sai da muka shafe minti 40, kowa ya san akwai lada a ciki. Cikin majalisa ma ba a shiga da mu ba, alhali ziyarar kyauta ce. Direban kuwa Allah ya saka masa, da muka isa bakin tafkin Paranoá kusa da gadar JK, mai sunan shugaba Kubitschek, muka ce za mu yi la'asar, ya kashe mota ya jira, ba wanda ya ɓata rai, wata mata ma ta miƙo mana gorar ruwanta don alwala. Huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan shagon tsaraba ne ya cinye shi.

Lahadi da kanmu muka yi. Babban titin Eixão rufe shi ake yi wa motoci ranar, sai masu keke da masu gudu da iyaye da yaransu, nan ne kaɗai na ga garin ya yi kama da inda mutane ke rayuwa. Daga nan muka kira mota ta waya zuwa masallacin da ke 912 Norte a ɓangaren Asa Norte, don jirgin cikin gari ba ya zuwa wannan ɓangaren, muka yi azahar mu ƙalilan. Sai kasuwar gindin hasumiyar talabijin, inda na ci acarajé, ƙosai ne sak amma ƙato, an soya da manja an tsaga an cusa jatan lande da yaji, abokina ya ce da akwai koko da an gama magana.

Zan koma in sha Allah, amma wani otal ɗin daban, da hular rana da man kaɗanya a aljihu, kuma sai na yi rajistar shiga fadar Itamaraty, wato ma'aikatar harkokin wajensu, tun daga gida, don wannan karon ta gilashin mota kawai muka ga ruwan da ya kewaye ta.