What We Do in the Shadows: fim ɗin ko mai dogon zangon?

In kana so ka gama dariyarka a zama ɗaya to fim ɗin 2014 ne naka, wanda Taika Waititi da Jemaine Clement suka yi a Wellington ta New Zealand, wasu masu shan jini ne ke haya gida ɗaya suna rigima kan wa zai wanke kwanuka, kyamara na bin su kamar shirin gaskiya. Ko awa ɗaya da rabi bai cika ba. Masu sharhi sun yabe shi sosai, amma a sinima bai yi wani tashe ba, a hankali mutane suka riƙa gano shi.

Shi kuwa mai dogon zangon tashar FX ce ta fara shi a 2019, aka koma Staten Island ta New York, zango 6 har zuwa 2024. Da farko masoyan fim ɗin sun ɗan yi ɗari-ɗari, ka san halin 'yan kallo, amma sababbin masu shan jinin, Nandor da Laszlo da Nadja, suka wanke musu zuciya, ga Guillermo bawan Allah yaron gida yana ta bauta yana jiran a mai da shi irinsu, ga Colin Robinson shi ba ruwansa da jini, surutu mara daɗi zai yi ta maka sai ƙarfinka ya ƙare, wallahi kowane ofis akwai irinsa. An sha sa shirin takarar Emmy, kyautar talabijin ta Amurka, a rukunin barkwanci bai ci ba, sai dai na sutura a 2022.

Ni dai mai dogon zangon na zaɓa, saboda Colin kawai.